Bindigar da Mumini Ya Goge

Summerfield, kusa da Greensboro
6 ga Maris, 1982

Zuwa ga Gwaggona Daso,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ƙafar nan taki mai yawan ƙorafi. Ni lafiyata ƙalau, sanyi ya fara sakinmu, karatu kuma ana ta fama. Ki gaishe min da duk mutanen gidan Maƙera. Matata Hafsatu na aika mata tata wasiƙar daban, kada ki ce sai ta karanta miki, na san halinki.

Albishirinki. Kin tuna Mista Pegram, tsohon Baturen da nake kula masa da dawakai uku, shi kuma ya ba ni ɗaki a saman barga? Da na gaya masa bizar Hafsatu ta kusa fitowa, sai ya ja ni bayan gona ya nuna min wani ɗan gida, ciki da falo da kicin, ya ce idan ta zo mu shiga. Gwaggo, a cikin gari ɗalibi irina ko rabin wannan ba zai iya kamawa ba. In babu gidan nan, zuwan Hafsatu sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, don ba zan ajiye 'yar mutane a saman dawakai ba.

Tun ranar nake tunanin da me zan saka wa bawan Allahn nan, sai ga dama ta samu. A aljihun teburinsa na barga akwai wata ƙaramar bindiga, libarba mai cin harsashi shida, gadon mahaifinsa da ya yi aikin ɗan sanda a karkarar nan. Babu harsashi a cikinta, fito da ita kawai yake yi ya nuna wa baƙi. Da kin ga bindigar nan da kin tausaya mata. Ta yi baƙi ƙirin, ta kwarzane ta ko'ina, gefe guda kuma ta koɗe kamar gindin tsohuwar tasa. Shi kuwa ko a jikinsa, har nuna tabon yake yi da yatsa. Wannan wuƙar wani mai dafa giya a ɓoye ce, wannan ranar da doki ya ka da uban a kan dutse ne, wannan kuma ƙyauren kurkuku. Ni dai ina ta cewa to, to, amma jinina na maƙera tafasa yake yi. Sau nawa Baba ya ce ƙarfe ba ya kwana da dauɗa a gidan maƙerin fari?

A farkon Afrilu zai tafi wajen 'yarsa a yi masa aikin yanar ido, sai ƙarshen Mayu zai dawo, kuma makullai duk a hannuna zai bari. Niyyata in goge ta tas, in ya dawo da sabon ido ya tarar da sabuwar bindiga. Kin dai tuna butar tagullar marigayi Baba Sanda, mijinki, da na goge miki ana gobe zan taso. Kika gan ta tana walƙiya, kika kasa magana, har da hawaye. Irin wannan farin cikin nake so in ba tsohon nan.

Ki tuna min haɗin Baba. Kanwa ake fara sawa ko tsamiya? Ki ba da amsa da wuri.

Ɗanki,
Abdulmumini

*

Ɗambatta
27 ga Maris, 1982

Ɗana Mumini,

Allah ya yi maka albarka. Takardarka ta iso ranar Laraba, kwananta goma sha takwas a hanya, ko a kan jaki aka ɗoro ta, oho. Ƙafa da sauƙi, zafi ne dai ya sako mu gaba. Hafsatu ta zo ta yi min kitso, ta ƙi karanta min tata. Na ce ta manta ni ma na yi yaƙi da jahilci, ta ajiye ta shiga wanka ta gani.

Na yi murnar gida. Allah ya saka wa tsohon Baturenka, ya sa a yi aikin ido a sa'a.

Maganar bindiga kuwa, kada ka taɓa. Bari in sake da manyan baƙi ko ya shiga: KADA KA TAƁA. Mutumin da yake bin tabo da yatsa yana gaya maka sunan kowanne ba kuka yake kawo maka ba. Da sabuwa yake so, ai a ƙasar da ake ƙera su yake zaune. Kai da ubanka, Allah ya ji ƙansa, ciwonku ɗaya, ba ku iya ganin ƙarfe ku wuce. Yana saurayi wata Bafulatana ta kawo masa munduwar kakarta ya ɗaure mata inda ta tsage, shi kuma don iyawa ya goge ta fes. Matar nan ta zauna a bakin maƙera tun hantsi har la'asar tana zaginsa da Fulatanci, nononta ma bai sayu ba.

Haɗin ba zan faɗa ba. In hannunka ƙaiƙayi yake yi, ka nemo tukwanen da Hafsatu za ta yi girki ka dirje su. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Gwaggonka,
Daso

*

Summerfield
11 ga Afrilu, 1982

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fata ƙafa ta lafa. Na jira amsarki mako biyar ban ji ba, na ce shirunki ma amsa ce, Gwaggo ta san ɗanta ba sai an koya masa aikin gidansu ba.

An gama! Tsamiya ba ta samu ba, na yi da lemun tsami da tokar murhun tsoho, inda tabo ya yi zurfi na bi da magagari da samfefa. Kwana uku na yi a kanta. Baƙin nan duk ya fita, tabo goma sha ɗaya babu ko ɗaya, yanzu har gemuna nake gani a jikinta. Mariƙin ne kawai na bari. Katako ne, gindinsa duk ya lotse kamar an tattauna shi, ya so ya ɓata min aiki. Amma kin san dokar Baba, maƙeri ba ya shiga gonar masassaƙi, kowa ya tsaya a sana'ar ubansa. Sai na naɗe shi da tsumma na yi aikina.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki gaya wa Hafsatu ta fara haɗa kaya.

Naki,
Abdulmumini

*

Summerfield
17 ga Afrilu, 1982

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai ƙalau, ta zuciya ce babu. Takardarki ta zo ranar Laraba, kwana uku bayan na jefa waccan a akwatin gidan waya. Na karanta manyan baƙin nan naki a tsaye, na ƙarasa sauran a zaune.

Na ce bari in nuna wa Garzali, wani ɗan Zariya da muke sallar Juma'a tare. Gadi yake yi a wata masaƙa, an ba shi bindiga, kuma shi mutum ne da yake naɗe tasa da ƙyallen flanel kamar jinjira. Ran da makulli ya ɗan karce ta, bai ci abinci ba. Na ce in akwai wanda zai yaba min, shi ne. Ina buɗe tsumma ya dafe kai.

Ya ce, "Malam, me ka yi? Ina finishing ɗin?"

Na ce, "Dauɗar? Na fitar."

Ya ce, "Wace dauɗa? Wannan baƙin da shi aka ƙera ta, shi ke hana ta tsatsa. Wallahi kana cikin trouble."

Da yake shi ke da takardar riƙe bindiga, ya ɗauke ta muka tafi wani kantin bindigogi a High Point Road. Mai kantin wani jibgegen mutum ne mai taunar taba. Ya jujjuya ta, ya ajiye a hankali kamar gawa. Ya ce masu zuwa kantinsa iri biyu ne. Akwai wanda zai sayi bindiga ya kulle a akwati, ba ya taɓa ta sai da safar hannu, in ta sami karce ɗaya ya dawo yana huci. Akwai kuma wanda in ka ba shi mai sheƙi sai ya ce ba ta san wahala ba, shi wadda kube ya cinye wa gefe yake so, don ta nuna an yi rayuwa da ita. Ya ce mutanen nan ba sa shiri, kowa yana ganin ɗayan mahaukaci ne. Abu ɗaya kawai ya haɗa su: duk wanda ya sa wa tsohuwar bindiga samfefa, a ɗaure shi.

Sai ya ce, "Wane ne ya yi wannan aikin?"

Garzali, Allah ya saka masa, ya ce wani maƙwabci ne. Mutumin ya dubi yatsuna da suka yi baƙi, ya ce a gaida maƙwabcin.

Ya ce zai iya mayar mata da baƙi, amma tabo ya tafi ke nan. Ga shi har ta fara jan tsatsa ɗigo-ɗigo, ina ta bin ta da mai. Gwaggo, na wuce ta gaban ɗan gidan nan jiya na kasa kallonsa.

Amma na yi wata dabara. A mayar mata da baƙin, ni kuma in mayar da tabon. Duk goma sha ɗayan na haddace wurinsu, da na wuƙa da na dutse da na ƙyaure. Na gwada a jikin tsohon takalmin doki, ya fito sak. Hannun da ya share ai zai iya rubutawa. Wannan karon ba zan motsa ba sai na ji daga gare ki, akwai sauran mako shida. Don Allah kada Hafsatu ta ji.

Ɗanki mai taurin kai,
Abdulmumini

*

Ɗambatta
6 ga Mayu, 1982

Mumini,

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Na fara buɗe ta barewa, na buɗe ta biyun na tarar barewar ta faɗa rijiya. Allah ya yafe min, na yi dariya har ƙafa ta motsa. Daga baya kuma dariyar ta yanke, don jiya Hafsatu ta zo ta nuna min yadin labulen da ta saya, mai furanni kore, tana tambayata ko taga nawa ce a gidan. Ban gaya mata komai ba.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Na farko kuskure ka yi, kuskure kuwa ana yafe shi. Na biyun da kake shirin yi ha'inci ne. Ka share wa mutum kayansa, sannan ka zana masa na jabu ka miƙa masa kana murmushi? Tsohon nan ko da yana da yana a ido, yatsansa ba shi da ita. Shekara nawa yana shafa abin nan? Zai gane kafin ka rufe baki, kuma ranar ba gida kaɗai za ka rasa ba. In ma bai gane ba, kai ka sani, kuma a gidansa za ka ajiye matarka kuna cin arzikinsa.

Kada ka mayar da baƙin, kada ka ƙara ko ɗigo. Ranar da ya dawo, kafin ya buɗe aljihun tebur da kansa, ka kai masa. Ka cire takalmi, ka tsuguna kamar yadda za ka tsuguna wa ubanka, ka faɗi abin da ka yi ba tare da kwana-kwana ba. Kada ka ce alheri ka nufa, wannan shi zai faɗa in ya ga dama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In ya kore ka, Allah na nan, Hafsatu kuma ba mutuwa za ta yi ba don ta ƙara shekara tana min kitso. Ina yi maka addu'a kowace salla.

Gwaggonka,
Daso

*

Summerfield
30 ga Mayu, 1982

Gwaggona,

Ina gaisuwa, ina kuma lafiya, wannan karon ciki da waje. Bari in ba ki tiryan-tiryan.

Takardarki ta riga shi isowa da kwana huɗu. Shekaranjiya Juma'a 'yarsa ta sauke shi. Da la'asar yana zaune a barandarsa da wani baƙin tabarau da likita ya ba shi, na zo da bindigar a tsumma, na cire takalmi a ƙasan matakala, na tsuguna.

Ya ce, "Mumini, doki ne ya taka ka?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To me ya sami ƙafarka? Tashi ka zauna a kujera kamar mutum."

Na ce a garinmu mai laifi ba ya zama a kujera. Na buɗe tsumman na faɗi komai, da lemun tsami da toka da samfefa, har da dabarar da na so in yi kika hana. Ya cire tabarau, rana ta daki ƙarfen, ya yi sauri ya mayar. Ya karɓa.

Abin mamaki, bai ko tsaya a kan ƙarfen ba. Juya ta ya yi ya kama mariƙin, yana bin gindin nan da ya lotse da babban yatsa, a hankali, rami bayan rami.

Ya ce, "Nan fa?"

Na ce, "Ban taɓa ba. Katako ne, mu maƙera ba ma shiga aikin masassaƙa."

Ya ce in sake faɗa. Na sake. Sai ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sannan ya fashe da dariya, yana riƙe da ido yana cewa likita ya hana shi.

Da ya sarara ya ce, "Yaro, ka share min ƙaryar shekara arba'in. Ubana ƙofar kotu ya tsare har ya yi ritaya, bai taɓa zare bindigar nan ba, tsoronta ma yake ji. Tabon da ka goge duk a akwatin kayan gyaran mota ta same su, tana gwaruwa da sifana. Ni na raɗa wa kowanne labari."

Na ce to wuƙar mai giya fa? Ya ce abin kwance noti ne.

Sai ya nuna min matakalar da nake tsugune a kai. Ya ce akwai wani ɗan itace a nan mai ƙwanso, fikan sunansa, kamar gyaɗa ce mai taurin kai. Marigayiya matarsa Opal, duk kaka a nan take zama da kwando, da gindin bindigar nan take fasa shi, shekara talatin da takwas. In ya yi mata faɗa sai ta ce wannan ne kaɗai aikin kirkin da bindigar ta taɓa yi. Ya ce wannan labarin ba ya ba baƙi shi, nasa ne. Ya ce, "Da ka taɓa nan, da yau a tashar bas za ka kwana."

Na ce mai kanti zai iya mayar mata da baƙi. Ya ce ko kusa. Haka za ta zauna fara sol, kuma hukuncina shi ne kowace Juma'a in shafa mata mai muddin ina gonar nan, tunda ni na tuɓe mata riga. Jiya da safe mai kawo abincin dawakai ya zo, da kunnena na ji tsohon yana gaya masa wai wani maƙerin gidan sarauta daga Afirka ne ya yi kwana bakwai yana goge ta, bai ci ba bai sha ba. Na buɗe baki, ya harare ni da sabon idonsa, na rufe.

Makullin gidan yana aljihuna. Ki gaya wa Hafsatu taga huɗu ce. Garzali yana gaishe ki, ya ce ke ya kamata a ba digirin da nake nema.

Abu ɗaya nake tambaya. Yaya aka yi kika sani, ke da ba ki taɓa ganin libarba ba?

Ɗanki,
Abdulmumini

*

Ɗambatta
19 ga Yuni, 1982

Ɗana Mumini,

Alhamdu lillahi. Na karanta takardarka sau uku, na huɗun na karanta wa Hafsatu tun daga farko, tunda ƙura ta lafa. Ta ce in gaya maka akwai 'yan kunnen kakarta a cikin kayanta, in ka kalle su ma sai ta kai ƙararka wajen tsohon. Bayan ƙaramar Salla za ta taso in Allah ya yarda. Azumi ya ƙarato, ƙafa tana nan tana mulkinta. Na sa mata tsamiya a kaya, ta kunu ce, ba taka ba.

Ka gaida min Mista Pegram. Ka ce wata tsohuwa a Ɗambatta ta ce matarsa ta fi shi gaskiya.

Ka tambaye ni yadda na sani. Shekara uku ina riƙe da maganar nan, yau dai zan sauke. Butar Malam, mijina, da ka goge min. Shekara talatin yana alwala da ita, sau biyar a rana, har babban yatsansa ya yi mata wani ɗan wuri a wuya, ya yi duhu ya yi santsi. Bayan rasuwarsa, duk sanda na ɗauke ta a nan nake ɗora nawa yatsan. Ranar na dawo daga unguwa na tarar da ita tana walƙiya, kai kuma kana tsaye da toka har gwiwar hannu, bakinka har kunne, gobe za ka hau jirgi. Me zan ce maka? Kukan da ka gani ba na murna ba ne, Mumini. Kwana biyu na kasa alwala da ita.

Kada ka tsuguna min a takarda, na yafe tun kafin motarku ta bar tasha. Na faɗa ne don ka tambaya, kuma don na ga yanzu za ka gane.

Da ita nake alwala har yau. Bana na lura wurin ya fara duhu, daidai inda nasa yake, sai dai ya fi ƙanƙanta, don yatsana bai kai nasa ba. In Allah ya dawo da kai, ko ina nan ko ba na nan, butar taka ce. Ka yi alwala da ita, ka bar ta yadda ka same ta.

Gwaggonka,
Daso